Kujerar Shuri

Ni dai har yau ban ga dalilin da zai sa mutum ya baro ƙasar Turawa da kujera ba. 'Ya'yan mutane idan za su dawo hutu turare suke kawowa, ko agogo, ko maganin ciwon gwiwa. Tawa autar, Salwa, da ta tafi Finland karatun gashin ƙashi, sai ga ta da wani dogon kwali wanda da ƙyar ya shiga bayan mota. Na ɗauka labule ne ko kafet. Da aka buɗe a tsakar falo sai na ga kujerar katako, bayanta da mariƙi irin na keke, a ƙarƙashinta kuma wasu siraran ƙarafa guda biyu da suka zarce ta baya.

Na ce, "Ke Auta, wannan kuma mene ne?"

Ta faɗi sunansa da yaren mutanen can. Na ce ta maimaita, ta maimaita, ni dai ban ji komai ba sai kamar mai shirin tari. Ta yi dariya ta ce, "Mama, a kan dusar ƙanƙara ake hawa. Mutum ɗaya ya zauna a gaba, ɗaya ya tsaya a baya kan ƙarafan nan yana shurin ƙasa da ƙafa ɗaya, sai ta yi ta sulalewa. Tsofaffi ma da ita suke zuwa kasuwa. Wasu kuma karnukan gidansu suke koya wa su ja su."

"To, kujerar shuri ke nan. Ina dusar ƙanƙarar take a nan Nasarawar Kano?"

"Taya za a sa mata."

"Wa zai ja?"

Sai ta kalli taga. A waje karnukan Alhaji guda biyu suna kwance a hantsi suna hamma. Na ce tabɗijam, yarinyar nan sanyin can ya taɓa mata kai.

Bari in faɗa muku yadda gidan yake a lokacin, don ku san ba don wasa ta ɗauko kujerar ba. Maigidana, Alhaji Badaru, ya yi aikin gidan rediyo har ya yi ritaya, kuma shi ne mai karanta labarai. Muryarsa ce sana'arsa, ita ce kuma abin alfaharinsa. A kasuwa idan ya tambayi kuɗin tumatir sai mai tumatir ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, ba kai ne na rediyo ba?" Ni kaina muryar na fara sani kafin fuskar. Da damina ta bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Allah ya taimaka ya tashi, ƙafar dama tana ja, hannun dama ba ƙarfi, baki ya ɗan karkace. A asibiti ya gwada magana sau ɗaya, ya ji yadda kalmar ta fito a murɗe, shi ke nan ya rufe baki. Likita ya ce muryar tana nan, harshen ne yake son aiki, kuma idan aka bar shi ya daɗe a kwance zai yi wuyar tashi. Alhaji ya ji, ya kau da kai. Ya daina fita, ya daina karɓar baƙi. Ko amininsa Alhaji Mahmudu, da yake can ƙarshen layinmu, sai dai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa in fita in ce masa yana barci.

Wallahi na yi kewar muryar nan. Har faɗansa na yi kewa.

Karnukan kuwa tun suna 'yan kwikwiyo ya kawo su, ni ina ta mita a kan wankin kwano da alwala. Ya sa wa namijin Labari, macen kuma Sharhi, wai don namijin kullum yana gaba da gudu, ita tana biye tana shinshina abin da ya wuce. Tun da ya kwanta ba wanda yake kula su sai Zubairu maigadi da ke zuba musu abinci. Sun yi ƙiba, sun zama malalata, ɓarawo ma sai ya tsallake su.

Salwa ta kai kujerar wurin wani mai walda a Gama, ya sa mata ƙananan tayoyi da birki na takawa a baya, wurin da mai shuri yake tsayawa. Ta sa tela ya ɗinka wa karnukan ɗamara mai laushi da ke zagaye ƙirji, ta ce ba a ɗaura igiyar ja a wuya, shaƙe su za ta yi. Daga nan aka fara makaranta a harabar gida, kullum da safe lokacin da sanyi bai saki mutane ba, don ta ce kare ba ya ja a cikin zafi.

Na rantse ba zan kalla ba. Amma tagar kicin ɗina tana fuskantar harabar, ya zan yi da idona? Da farko ɗamarar kawai ta sa musu, su yi ta yawo da ita har su manta da ita. Sharhi ta kwanta ta yi ta birgima kamar an zuba mata ƙaiƙayi. Bayan nan ta ɗaura musu guntun icce a baya. Labari ya ji abu yana bin sa, ya zagaye gidan da gudu yana waiwaye, iccen na biye, har ya faɗa cikin fulawowina. Sai tsohuwar tayar mota, sai kujerar ba kowa a kai, sai kujerar da buhun masara. Duk wanda ya yi daidai a ba shi lada. Sai da na je neman kilishin da na ajiye wa baƙi na gane da abin da ake biyan ladan.

"Auta! Kilishina kike ba karnuka?"

"Mama, ɗan kaɗan ne."

"Ɗan kaɗan ɗin gidanku!"

Abin mamaki, sun koya. Ta ce "mu je" su tashi. Ta ce "dama" su yi dama, ta ce "hagu" su yi hagu, ko da yake Sharhi sai ta ɗan yi tunani tukuna. Ni da nake cewa kare ba ya jin komai sai ƙarar kwano, sai ga ni tsaye da ludayi a hannu ina cewa a raina, hagu mana, shashasha. Kuma ba ni kaɗai nake kallo ba. Alhaji da kullum yake kwance a ɗaki ya fara dogara sanda ya fito baranda, a lulluɓe da bargo, hularsa har kunne. Ba ya cewa komai, amma idonsa na kan igiyar.

Kalma ɗaya ce ta gagara, ita ce "tsaya". Salwa za ta yi ta ihu, tsaya, tsaya, su kuwa kamar ana ƙara musu mai, sai ta taka birki har tayoyi su yi ƙara. Sannan ga wani abin da ya fi wannan ɗaure kai. Wani lokaci suna tsakiyar gudu, ba wanda ya ce musu komai, sai su zauna daram a lokaci guda, su miƙe kunnuwa. Buhun masara ya tuntsura, Salwa ta kusa kifawa. Da ta fara fita da su layi abin ya ƙaru. Wata rana su je ƙarshen layi su dawo lafiya, wata rana su yi ta zama kamar masu ciwon ciki.

Yarinya ta shiga bincike. Ta duba tafin ƙafafunsu ko ƙaya ce. Ta canza igiya. Ta ce ko ƙarar janareton maƙwabta ce, ta ce ko warin wani abu ne. Ta kira wata ƙawarta a can Finland, suka daɗe suna magana a waya, ƙawar ta ce ita ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ni ma abin ya shiga raina, har na fara saka hijabi da safa ina bin su layi da sassafe, wai motsa jiki nake yi. Ƙarya nake, so nake in ga me yake zaunar da karnukan nan.

A cikin gida asirin ya tonu. Ran nan suna zagaye harabar da buhunsu, gudu ya yi gudu, sai Alhaji Mahmudu ya turo ƙaramar ƙofa ya ce, "Salamu alaikum." Daram! Labari da Sharhi suka zauna, buhu ya yi gaba. Na amsa sallamar, na je na faɗa masa abin da na saba faɗa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi ya juya. Ina dawowa abin ya faɗo min. Na tuna mai burodin da yake wucewa a keke yana yi mana sallama, na tuna masu gadin layin da ba sa barin mutum ya wuce ba su gaisa ba.

Na ce, "Auta, sake tashin su."

Ta ce mu je, suka zabura. Na bari sun yi nisa, na ɗaga murya na yi sallama. Suka zauna kamar an danna su.

Salwa ta riƙe baki. Ni kuwa sai ga shi ya dawo min tar. Lokacin da suke ƙanana sun taɓa bin wata ƙanwata har ta yar da takalmi, Alhaji ya yi rantsuwa ba za su sake kunyata shi ba. Ya yi ta fama da su a bakin ƙofa har suka gane cewa duk wanda ya yi sallama baƙo ne, a zauna a ba shi hanya. To a Kano kuwa wa zai wuce ka bai yi sallama ba? A can ƙasar ƙanƙara mutane ba sa ce wa juna uffan a hanya, shi ya sa ƙawar tata ta rasa gane kan abin.

Na juya baranda. Alhaji ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, mutumin nan, ba sauti. Ashe tun ranar farko ya sani!

Raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, ka kyauta! Kana zaune kana kallo muna ta duba ƙafar kare, ni har da bin layi cikin sanyi, kalma ɗaya ta gagare ka?" Dariyar ta ɗauke. Ya buɗe baki, na ga leɓensa yana motsi, sai tausayi ya kama ni na yi sauri na ce, "Shi ke nan, bar shi, na san abin da za ka ce. Shayi kake so ko? Bari in kawo."

A kicin Salwa ta same ni. Ta ce, "Mama, in faɗi wata magana ba za ki yi fushi ba?"

"Zan yi. Faɗi."

"Ɗazu Baba magana zai yi, kika tare. Kullum haka ne. Kafin ya buɗe baki kin amsa masa. An tambaye shi jiki, ke ce mai cewa da sauƙi. To me zai sa ya wahalar da harshensa?"

Na ce, "Iye! Ni za ki koya wa zama da ubanki? Ina tare da shi tun kafin a san za a haife ki. Rufa masa asiri nake yi, ba na son a ji yana in'ina a yi masa kallon tausayi." Ta ce ta sani, ta ba ni haƙuri, ta fita. Na yi ta buga tukwane ni kaɗai. Maganar ta yi min zafi, kuma zafin nata don na kasa samun inda ta yi ƙarya ne.

Salwa ta so ta ci gaba da koya musu "tsaya", don ta ce ita nauyi take ji ta riƙa yi wa kare sallama. Na ce ba kare za ta yi wa ba, ta yi wa layi, wanda ya ji ya amsa. Haka aka ci gaba, ga birki ga sallama.

Yawon sassafen nan kuwa sai da ya karɓi hakkinsa a jikina. Mura ta kama ni, ta sauka a maƙogwaro, na wayi gari murya ta dishe ƙurmus. Na sha citta, na sha zuma da lemon tsami, a banza. In na buɗe baki sai iska. Zubairu ya gaishe ni na ɗaga masa hannu, na ga yana ɓoye murmushi. Gidan ya yi tsit, mu biyu ni da Alhaji muna ta nune-nune da hannu, kowa na jin haushin kowa.

A wannan safiyar ce, hutun Salwa ya kusa ƙarewa, Alhaji ya fito baranda ya ɗaga sandarsa ya nuna buhun masara, ya yi alamar a sauke. Sannan ya nuna kujerar, ya nuna ƙirjinsa. Na so in ce a'a, ina! Ba murya. Salwa ta yi tsalle kamar ƙaramar yarinya. Ita da Zubairu suka zaunar da shi, ta ɗaure shi da zanina a ƙugu, ta lulluɓe masa ƙafafu. Karnukan da suka ji ƙanshin maigidansu a bayansu suka kasa tsayuwa wuri ɗaya don murna. Zubairu ya buɗe babbar ƙofa. Rabon Alhaji da ganin layinmu tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti.

Layin ba kowa, sanyi ya kore mutane. Dogon layi ne mai itatuwan darbejiya, can ƙarshensa ya haɗu da babban titi inda motoci da 'yan adaidaita sahu suke wucewa ba ƙaƙƙautawa. Salwa ta ce mu je, a hankali, tana shuri da ƙafa ɗaya. Ina biye da su a ƙafa. Na ga Alhaji yana juya kai yana kallon gidaje, wannan an yi sabon fenti, wancan an sare mangwaro. Na ji daɗi har idona ya kawo ruwa.

Sai zabin wani maƙwabcinmu suka ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa, garke guda, suna kururuwa, suka miƙe layi da gudu. Labari ya gan su. Kafin ka ce me, igiya ta miƙe. Ƙafar Salwa ɗaya tana ƙasa a lokacin, fizgar ta ɗauke kujerar daga hannunta, ta faɗi rub da ciki, numfashinta ya ɗauke. Birki yana baya, ba kowa a kansa. Kujera ta tafi da Alhaji.

Na sa gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Na san kalmar, tana bakina. Na buɗe baki iya ƙarfina, ba abin da ya fito sai huci. Na sake, na sake. Salwa tana ƙasa tana neman iska. Zubairu yana can bakin ƙofa, nesa. Zabin suka watse gefe, amma karnukan gudu ya riga ya yi musu daɗi, sun miƙe sai babban titi, ina hango wata tankar ruwa tana tahowa. Na ce a raina, innalillahi, mun kashe shi da hannunmu.

Sai na ji ta.

"Sss... salamu... alaikum!"

A murɗe ta fito, rabin kalmar a gefen baki, amma da ƙarfi, daga ƙirji, yadda ya saba buɗe labaran safe. Ko a cikin barci aka tashe ni na san muryar nan. Labari da Sharhi suka zauna daram. Kujerar ta zarce kaɗan, ta kauce musu, tayoyinta suka nutse a yashin gefen hanya ta tsaya. Tankar ta wuce abinta.

Kuma a ina ta tsaya? Daidai ƙofar Alhaji Mahmudu. Yana zaune a kan farar kujerarsa ta roba yana shan hantsi, rediyo a cinya. Bai ga faɗuwar Salwa ba, bai ga zabi ba. Shi dai ya ga amininsa ya zo har ƙofar gidansa a kan kujera, karnuka na ja, ya kuma yi masa sallama. Ya miƙe har rediyon ya faɗi.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah! Badaru! Kai ne? Ikon Allah! Wannan wace irin mota ce?"

Na iso ina haki, hijabi a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa. Salwa ta biyo ni tana ɗingishi, gwiwar hannunta a goge. Alhaji Mahmudu ya kama hannun Alhaji na hagu da hannu biyu, ya ƙi saki, ya ce, "Ina kwana? Yaya sanyi? Yaya ƙarfin jikin?"

Bakina ya buɗe da kansa, don ya saba. Alhaji ya juyo ya kalle ni, yana jira in amsa masa kamar kullum. Ko da ina da murya a lokacin, wallahi da na haɗiye ta. Na rufe bakina, na sa hannu na dafe shi, na kalli Alhaji ni ma.

Leɓensa ya yi rawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin nan. Alhaji Mahmudu bai kau da kai ba, ya tsaya yana jira. Sharhi ta yi hamma.

"Da... sauƙi," in ji Alhaji. Ya numfasa, ya ƙara da cewa, "Mahmudu... kawo... shayi."

Alhaji Mahmudu ya juya cikin gida yana ƙwala wa iyalinsa kira. Ni kuwa na zauna a yashin nan kusa da karnukan da na yi shekaru ina kora, na yi ta kuka ba sauti. Alhaji ya sunkuyo ya daɗe yana kallona, sannan gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Hajiya," ya ce, a hankali, yana jan kowace kalma. "Yau... kin yi... shiru."